Ruwan da Na Hana Shi Sha

Bayan hajji ne, alhazai sun watse, amma zafi ya ƙi tafiya tare da su. A shekarun nan aikin hajji a tsakiyar bazara yake faɗowa, kuma har muka shiga Muharram iska ba ta sauya ba. In ta kaɗo daga kan duwatsu sai ka ji kamar an buɗe maka bakin tanderu. Shekara ce mai nauyi. Mun ga mutane lafiyayyu sun fita jifa da ƙafarsu da hantsi, an dawo da su a kan makara kafin la'asar. Ko da garin ya yi shiru, ni shirun bai kwanta mini ba. Kullum sai in ji kamar akwai sauran wani abu da shekarar ba ta gama karɓa ba.

A Misfala muke zaune, can ƙarshen unguwa inda Hausawa suka kakkafa ɗakunan kwano da katako a gindin dutse. Maigidana ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, yana kai wa gidajen masu hali. Ni kuma ina suyar gyaɗa ina sayarwa a bakin hanya. Babban ɗanmu yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana gyaran keke a wata rumfa kusa da hanyar Jidda: faci, ɗaurin sarƙa, miƙar da tayar da ta lanƙwashe. Tun yana goye muka baro gida da shi, a kan hanya ya yi wayo, a Makka ya zama mutum. Larabci ya fi zama a bakinsa, amma da mu Hausa yake yi.

Kusa da rumfarsa akwai gahawa, wato wurin shan shayi na maza, mai wurin kuma yana da rediyo. A nan abin ya samo asali. Sun ji cewa a Masar ana wani tseren keke da ba a gama shi rana ɗaya. A tashi daga wannan gari a kwana a wancan, gobe a sake hawa, wani mai agogo yana rubuta lokacin kowa, ranar ƙarshe a tara. Samarin suka ce da me Misirawa suka fi mu. Shekarar farko kwana biyu suka yi, zuwa Jidda da dawowa, su bakwai. Wani ɗan Yamal mai kai wa 'yan kasuwa saƙo ya cinye duka ranakun biyu, ba wanda ya yi gardama. Shekara ta biyu kuwa an kusa dambe. Ɗan wani tela mutumin Jawa aka ce ya ci, alhali ko rana ɗaya bai shigo a gaba ba. Na biyu ya zo jiya, na biyu ya zo yau, amma da aka tara lokaci nasa ya fi na kowa kaɗan. Tsofaffinmu suka yi wata guda suna cewa wannan wane irin lissafi ne, mutum bai taɓa riga kowa ba a ce shi ya riga kowa. Maigidana ma yana cikin masu faɗin haka.

A duk shekarun biyu babu Bahaushe ko ɗaya a ciki. Samarin gari suka samu abin tsokana. Suna cewa takari, sunan da suke kiranmu da shi ke nan, in ka ba shi keke ɗora shi zai yi a ka ya tafi a ƙasa. Ɗana yana gyara musu kekunan yana jin wannan magana kullum, yana dariya tare da su, ban san tana cin sa ba. A shekara ta uku aka ce kwana uku za a yi. Zangon farko Makka zuwa Jidda. Na biyu, wanda ya fi tsawo, daga Jidda a bi hanyar Madina a karkato zuwa gonakin dabino na Wadi Fatima. Na uku a gangaro ta kwarin a fito kan kwalta a Hadda, a shigo gari ta wajen Rusaifa. Ɗana ya haɗa wa kansa keke daga tarkacen kekuna uku, ya ce zai shiga. Wani abokinsa Bahaushe da ke zaune a Zahir ya ce shi ma ba za a bar shi ba. Maigidana bai so ba. Ya ce mutum da sana'arsa a hannu me zai kai shi gudu a rana kamar wanda aka biyo. Sau ɗaya ya faɗa, ya yi shiru.

Ya kamata in faɗi yadda muke da yaron. Ɗan fari ne. Ba na zama in yi hira da shi, ko abinci ƙannensa nake ba su miƙa masa, in zan yi masa magana sai in yi kamar da bango nake. Haka aka yi mini tarbiyya, kuma ban baro ta a gida ba da za mu taho. Matan Larabawa maƙwabtanmu suna ganin kamar ba na son sa. Shi ya san ba haka ba ne, amma a iya sanina bai taɓa ji daga bakina ba.

Ana gobe za su tashi, da la'asar, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ina rairaye gyaɗa daga yashin suya. Ya ce sallama ya zo yi. Da na bi yadda na saba, Allah ya kiyaye kawai zan ce, in ci gaba da aikina. Amma mutanen nan na kan makara suna idona, sai na ji dole in ba shi wani abu ya tafi da shi. Abu ɗaya kuwa na sani game da tafiya a rana.

Mu da ƙafa muka zo ƙasar nan. Akwai wani wuri tsakanin Wadai da Fashir inda rijiyoyi suke nesa da juna ƙwarai. Madugunmu ya kafa doka: ba mai kai baki salka sai an sauka zango. In ƙishi ya matsa maka, ka kurkure baki ka tofa a tsumma ka ɗora a ka. Na ga ya zane wani magidanci da bulala a kan haka, a gaban matarsa. Na kuma ga waɗanda suka riƙa sha a ɓoye, su ne suka fara zubewa. A wannan tsakanin 'yata ta biyu ta rasu, jaririya ce, nonona ne ya ƙafe. Tun daga nan na riƙe a raina cewa ruwan da aka sha ana cikin tafiya a rana shi ke kashe ƙafa, ya dafa hanji, ya ƙara ƙishi. Shekara kusan ashirin ina ɗauke da wannan. Ban taɓa tambayar kowa ba, don ban san abin tambaya ba ne.

Na ajiye rariyar. Ban dube shi ba, amma da shi na yi magana, kai tsaye, na gaya masa dokar madugu tun daga farko. Ya ce ya ji.

"Ba ji nake so ba," na ce. "Alkawari nake so. Daga an tashi har a sauka, kada ruwa ya wuce maƙogwaronka."

Na ɗaga ido. Sai na ga murmushi yake yi, irin na wanda aka yi wa kyautar da bai zata ba.

"Na yi miki alkawari, Inna."

Ya tashi ya tafi yana tura kekensa, ni kuma na ji sanyi a raina, na ce na yi abin da uwa take yi.

Ina da ƙane direba, yana jan babbar mota tsakanin Makka da Jidda, ta wani ɗan kasuwa ce. Shi ya kawo mana labarin zangon farko. Ya shigo da la'asar sakaliya yana ta fara'a, wata maƙwabciyata tana zaune a wurina muna ɓarar gyaɗa. Ya ce su goma sha tara suka tashi, ɗan Yamal ɗin nan ya fara isa, ɗan tela na biye da shi kamar kullum, ɗana ya zo na huɗu. Ya ce amma ba zancen na farko ake yi a ƙofar Jidda ba, zancen takarin da bai taɓa ruwa ba ake yi. Kowa da gorarsa a ɗaure a kan keke an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, akwai ma ƙaramar mota da ke bin su da tulu, shi kuwa ko gora bai ɗaura ba. Ya ce masu cewa a ka za mu ɗora keke yau bakinsu ya mutu.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Maƙwabciyar tawa ce ba ta yi dariya ba. Ita a hajjin da ya wuce ta yi aikin shara da wanki a tantin da ake kai waɗanda rana ta buge. Ta tambayi ƙanena ko da yaron ya iso yana gumi. Ya tsaya yana tunani. Ya ce a'a, rigarsa a bushe take, sai farin gishiri da ya kwanta mata a baya kamar an zana. Sai ta ajiye gyaɗar hannunta. Ta ce a tantin nan likitoci ba sa tsoron mai gumi. Wanda jikinsa ya bushe ƙamas yana zafi shi suke rugawa kansa, su kwarara masa ruwa a jiki, su ɗura masa a baki da ɗan gishiri, kuma da yawa ba sa tashi. Ta ce wane marar imani ne ya ce wa yaron nan kada ya sha ruwa.

Daidai nan maigidana ya shigo, ya sauke garwarsa. Ban gaya masa zancen alkawarin ba tun jiya, don kunya nake ji a ce na zauna na yi doguwar magana da ɗan fari. Dole na faɗa a gabansu su uku. Ya daɗe yana kallona. Ba mai faɗa ba ne, kuma ko ranar bai ɗaga murya ba.

"Ke," ya ce, "ai da dare muke tafiya. Rana tana ɗagowa muke neman inuwa mu kwanta. Kin manta?"

Ban manta ba. Ban dai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ya ce madugu bai hana sha don ruwa yana cuta ba. Ya hana ne don kwana biyar ne tsakanin rijiya da rijiya, salka ɗaya kuma mutum huɗu. Waɗanda suka zube ba shan ne ya kashe su ba, nasu ne ya ƙare tun ba a yi rabin hanya ba. Mu mata ba a zama da mu a yi lissafin salka, bulalar kawai muka gani.



Muka shiga neman yadda za a yi. Motar ƙanena mai ita ya kulle ta, sai da asuba, su kuwa masu tseren da an sallame asuba za su bar Jidda. Maigidana ya tafi tasha kafin magariba, ya dawo bai samu mai tafiya ba. A lokacin ban iya rubutu ba, balle in ce zan ba wani takarda. Aka tsaya a kan cewa zangon gobe ya riga ya fi ƙarfinmu. Abin da ya rage, maigidana ya bi motocin kayan lambu da ke komawa Wadi Fatima ta Zahir, ya jira yaron a inda za su sauka, ya gaya masa na janye maganata.

Rana ta biyu ban san yadda zan kwatanta ta ba. Na tashi na hura wuta kamar kullum, na zuba gyaɗa, ta ƙone ina tsaye a kanta. Akwai katangar dutse a bayan ɗakinmu da nake gane lokaci da inuwarta. Ranar nan na zauna ina kallon inuwar tana janyewa, tana janyewa, har ta shige gindin katangar ta ɓace. Na san yanzu ɗana yana wani wuri da babu ko bishiya, yana taka feda, motar tulu tana biye da shi, yana kawar da kai saboda ni. Da a ce yaro ne mai taurin kai da na samu abin riƙewa, in ce in ya matsu zai sha. Amma na san shi. Na kuma ga fuskarsa lokacin da ya yi alkawarin.

Na ɗebo ruwa a randa zan sha, na kai moɗar baki, na kasa. Ƙaramar 'yata ta ce Inna azumi kike yi. Na ce mata eh, don ta ƙyale ni. Da azahar na tafi Harami. Dutsen dakalin yana ƙona ƙafa, na raɓe a inuwar ginshiƙi, ban ma san me nake roƙo ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa. Ina kallon mutane suna shan zamzam suna zuba ragowar a ka, yana gangarowa ƙasa yana bushewa nan take.

Bayan la'asar maƙwabciyata ta zo da sauri ta ce an ji wani abu a gahawa. Wani direba da ya fito ta hanyar Madina ya ce ya ga ɗaya daga cikin masu keken ya faɗi, an ɗauke shi a mota ba ya motsi. An tambaye shi wane ne, ya ce shi dai baƙi ya gani. Baƙaƙe uku ne a tseren: ɗana, abokinsa na Zahir, da wani ɗan Sudan.

Mace ba ta zuwa gahawa. Na ja mayafi na tafi, na tsaya a tsallaken hanya, jikin wani bango, inda zan ga duk motar da ta tsaya. Ban daɗe ba sai ga wata mata ta zo ta tsaya kusa da ni. Mahaifiyar abokin nasa ce, ta taho a ƙasa tun daga Zahir. Muka gaisa, muka tambayi juna gida da yara, kamar a biki muka haɗu. Ina jin motsin leɓenta tana addu'a, ni ma ina yi, kowacce ta san abin da 'yar'uwarta take roƙo, ta kuma san in an amsa mata a kan wa zai faɗa. Ko ɗan Sudan ɗin nan, ai da uwarsa. Na yi ƙoƙari in ce Allah ya tashi kafaɗar ko wane ne, amma ba haka zuciyata take faɗa ba.

Rana ta kusa faɗuwa maigidana ya sauko daga bayan wata mota, yana ɗingishi, gwiwarsa ta kumbura. Ya hango mu. Ya fara zuwa wurin matar, ba wurina ba, a nan na gane. Ya gaya mata ɗanta ne, amma yana da rai. Manoma sun tsoma shi a magudanar ruwan gona har ya farfaɗo, an wuce da shi asibiti a Jidda. Ta zauna a ƙasa. Sai ya ƙara da abin da na fi tsoro, ya ce yaron ya ga yadda ake yabon abokinsa jiya, shi ma yau ya kwance gorarsa ya yar. Na durƙusa kusa da ita na ce mata ni ce, daga bakina abin ya fito. Ban sani ba ko ta fahimta. Ta dai riƙe hannuna ta ce in taya ta neman motar Jidda, muka tsaya har wasu 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

A hanyar gida ya ba ni sauran labarin. Ɗanmu ya shigo na biyu, kuma da aka tara kwana biyun shi ne na biyu, ɗan tela kaɗai ke gabansa, da 'yan mintoci. Amma da ya iso bai iya sauka daga keken ba, sai da aka ɓamɓare hannunsa. Leɓensa ya tsattsage. Ya kalli ubansa ya gaishe shi da Larabci kamar baƙo, sai can ya gane shi. Da aka ba shi ruwa ya sha ya amayar, ya sake sha. Ya zaga bayan dabino, uban ya bi shi, ya ga fitsarin kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma ɗan kaɗan. Mutanenmu da ke aiki a gonakin kuwa sun kewaye shi suna yi masa kirari.

Na ce to ka gaya masa? Ya ce ya gaya masa, har sau uku. Ashe tun a Jidda sauran samarin sun ji labarin alkawarin, suka maida shi abin wasa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya miƙo masa gora ya ce ummanka ta aiko, ta ce ka sha. Wuni guda yana jin wannan. Da uban ya zo da magana iri ɗaya, sai ya yi 'yar dariya.

"Cewa ya yi, Baba kai tun farko ba ka son tseren nan. Ya ce, sau ɗaya Inna ta taɓa neman wani abu a wurina. In ita ta warware, a bakinta zan ji."

Na ce ka bar shi a can? Ya ce da me zai ɗauko shi, da igiya? Ya kuma ce gobe ba da asuba za su tashi ba. Mai gahawa, wanda shi ke shirya tseren, yana so su shigo gari da la'asar, lokacin da jama'a za su taru, saboda haka sai rana ta take za a sake su. Motocin Wadi Fatima kuwa da safe shigowa suke yi da kaya, ba sa komawa sai bayan azahar.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauko salkar da muke ajiyewa don hajji, na wanke ta, na cika, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Na ƙulla gishiri a bakin mayafi kamar yadda maƙwabciyata ta kwatanta mini, na ɗauki moɗa da gora ɗaya. Maigidana ya ce zai raka ni, na ce ya zauna da gwiwarsa da yara, ai da ƙanena zan tafi. Ban taɓa hawa gaban babbar mota ba sai ranar. Ƙanena ya sauke ni a Hadda, daidai inda hanyar kwari take haɗuwa da kwalta. Akwai wata rumfar ganyen dabino ta mai sayar da kankana, ya ce masa ga yayata nan amana, ya wuce da kayan mutane.

Na zauna tun rana tana da sanyi har ta zo tsakiyar ka, har ta ɗan karkata. Duk ƙurar da ta taso sai in miƙe, sai in ga raƙuma ne ko mota. Mai kankana ya gaji da tambayata abin da nake jira. Can wajen azahar ya nuna da wuƙarsa ya ce ga su nan.

Biyu ne a gaba, sun baro sauran nesa. Na farkon gajere ne, fari, da gora a kan kekensa. Na biyun kansa a sunkuye yake, keken yana ɗan karkacewa dama da hagu kamar ba shi ke riƙe da shi ba. Na bar na farkon ya wuce. Sai na ɗauki moɗar a cike na shiga tsakiyar hanya na tsaya.

Ya kusa take ni kafin ya ɗago. Ya ja birki, ya sa ƙafa a ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe, ya dafa kan keken. Idanunsa sun faɗa, fuskarsa babu ɗigon gumi. Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"Inna? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kuskure na yi. Na warware alkawarin, ga bakina ka ji. Karɓi ka sha."

Ya dubi moɗar, ya dubi bayan ɗan tela da ke ƙara nisa a kan kwalta.

"Zai tsere mini, Inna."

"Ya tsere."

Ya karɓa da hannu biyu, rabi ya zube a rigarsa. Na kama hannunsa na ja shi cikin rumfa, ban tuna rabon da in taɓa shi ba. Na zaunar da shi, na kwarara masa ruwa a ka da wuya, na jefa gishiri a moɗa ina ba shi kaɗan-kaɗan. Mutum huɗu suka wuce yana zaune, yana bin kowanne da ido. Ni goshinsa nake kallo. Sai da na ga ya fara tsattsafo da gumi, ƙanana-ƙanana, sannan na cika gorar na ɗaura masa a kan keke da bakin zanena da na yage. Na ce in ya ga dama ya ƙarasa, amma kafin ya shiga gari ina so gorar nan ta zama babu komai a ciki. Ya ce to. Ya hau ya tafi a hankali.

Daga baya aka gaya mini da aka tara lokaci ɗan tela ne ya sake ci, ɗan Yamal na biyu, ɗana na biyar, kuma da ƙafarsa ya sauka daga keken. Ni ban gani ba. Akwai sauran ruwa a salkar, akwai kuma sauran 'ya'yan mutane a baya, suna fitowa daga kwarin ɗaya-ɗaya, wasu suna tura kekunan. Na koma bakin hanya na tsaya da moɗa, duk wanda ya iso in miƙa masa, har na ƙarshensu ya wuce.